Ƙauna Da Idonta Biyu

Karatu: Ayyukan Manzanni 15:36-41, 2 Timoti 4:11

  

Hausawa sukan ce, so hana ganin laifi. Duk wanda ya taɓa neman aure ya san gaskiyar wannan magana. Amma ƙaunar da Almasihu ya umarce mu da ita, ko ita ma haka take? Lalle ne Kirista ya rufe ido kafin ya ƙaunaci ɗan'uwansa? Tambayar tana da nauyi, gama akwai waɗanda suka shigo ikkilisiya suna zaton za su tarar da mala'iku, da suka tarar da mutane sai suka yi fushi suka koma gida. Akwai kuma waɗanda aka cuta sau ɗaya, tun daga ranar suka kulle zuciya da aljihu, suna cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Karatunmu na yau labarin gardama ne tsakanin bayin Allah biyu. A tafiyarsu ta fari ta bishara, Bulus da Barnaba sun ɗauki wani saurayi, Yohanna Markus, domin ya taimake su. Sun ƙetare tsibirin Kubrus tare, amma da suka sauka Barga ta ƙasar Bamfiliya, sai Markus ya rabu da su ya koma Urushalima. Littafi Mai Tsarki bai faɗa mana dalilinsa ba. Da aka tashi tafiya ta biyu, Barnaba ya so a sāke tafiya da shi, Bulus kuwa ya ƙi. Gardamar ta yi zafi har suka rabu: Barnaba ya ɗauki Markus suka shiga jirgin ruwa zuwa Kubrus, Bulus ya zaɓi Sila suka bi ta Suriya da Kilikiya.

Wa ke da gaskiya? Mu dubi Barnaba tukuna. Sunansa na yanka Yusufu, manzanni ne suka laƙaba masa Barnaba saboda halinsa na ƙarfafa mutane. Shi ne ya sayar da gonarsa ya kawo kuɗin gaban manzanni. Shi ne kuma ya tsaya wa Bulus a Urushalima sa'ad da almajirai ke tsoronsa, suna tuna yadda ya tsananta wa ikkilisiya. Mutum ne mai hangen abin da alherin Allah zai iya yi da wanda ya fāɗi. Ga shi kuma Markus danginsa ne, kamar yadda wasiƙar Kolosiyawa ta nuna, hannunka kuwa ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Bulus ma yana da hujja. Bayan da Markus ya juya baya, an jejjefe Bulus da duwatsu a Listira, aka ja shi bayan gari ana zaton ya mutu. Ya san irin hanyar da za su sāke bi. Ya san in abokin tafiya ya gudu a tsakiyar hanya, sababbin masu bi ne za su sha wahalar. Barnaba yana duban abin da Markus zai iya zama, Bulus yana duban abin da Markus ya riga ya yi. Ikkilisiya tana bukatar idanun nan duka biyu.

Ku lura da ƙarshen labarin. Barnaba bai ce ba a yi kome ba, sai dai ya ɗauki nauyin saurayin da kansa, ya koma da shi Kubrus, inda ya riga ya sani, ya ba shi zarafin sāke gwadawa. Bulus kuma bai yanke masa hukunci na har abada ba. Bayan shekaru, yana kurkuku, ajalinsa ya kusa, ya rubuta wa Timoti ya zo masa da Markus domin yana da amfani a gare shi wajen hidima. Bitrus ma ya kira shi ɗansa. Bisa ga shaidar ikkilisiyar farko, wannan Markus ɗin ne ya rubuta Bisharar da muke karantawa da sunansa. Da Barnaba ya yar da shi, da mun yi babbar hasara. Da kuma an yi kamar gudunsa ba kome ba ne, watakila da bai taɓa girma ba.

Ubangijinmu kansa haka ya yi ƙauna. Yohanna ya gaya mana a sura ta 2 cewa Yesu ya san abin da ke cikin zuciyar mutum, saboda haka bai saki jiki da taron da ke binsa don alamu ba. Ya san Bitrus zai yi mūsun saninsa sau uku, ya faɗa masa tun kafin abin ya faru, duk da haka ya wanke masa ƙafa a daren. Bayan tashinsa daga matattu, a bakin tekun Galili, sau uku ya tambaye shi ko yana ƙaunarsa, sa'an nan ya danƙa masa kiwon tumakinsa. Ya ga laifin sarai, bai kuwa janye ƙaunarsa ba.

To, 'yan'uwa, ina wannan ya shafe mu?

Na fari, mu bambanta gafara da amana. Gafara umarni ce, ba ma jira sai mai laifi ya cancanta, gama mu ma ba mu cancanta ba sa'ad da aka gafarta mana. Amana kuwa gini ce, tubali bisa tubali. Ɗan'uwan da ya ci kuɗin baiko ya tuba, mu karɓe shi da hannu biyu, mu ci abinci tare da shi, amma kada mu mayar masa da mabuɗin asusu a mako mai zuwa, domin kada mu jefa shi cikin gwajin da ya kā da shi. Ko manzo Bulus, da ya tara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai ce a amince da shi kawai ba. Ya tafi da 'yan'uwan da ikkilisiyoyi suka zaɓa, don kada a sami abin zargi. Mutum biyu su ƙirga baiko a gaban juna, wannan ma aikin ƙauna ne.

Na biyu, ƙauna tana yin lissafi. Basamariyen nan na Luka sura 10 ya ɗaure raunukan mutumin, ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya kwana yana jinyarsa. Kashegari ya ba mai masauki dinari 2, wato ladan aikin kwana 2, ya yi alkawarin biyan sauran in ya dawo, sa'an nan ya kama hanyarsa. Ya yi iyakar abin da zai iya, ya kuma sa wani ya ci gaba. Mai gida da ke rabar da hatsin rumbunsa domin a yabe shi, 'ya'yansa kuwa an koro su daga makaranta saboda kuɗi, bai fi Basamariyen nan ƙauna ba.

Na uku, ƙauna ba ta rufa wa zalunci asiri. Sau da yawa mace takan zo wurin dattawa fuska a kumbure, abin da za ta samu kawai shi ne, ki yi haƙuri, ki koma. Gaskiya ne, zo mu zauna, zo mu saɓa, harshe da haƙori ma sukan saɓa. Amma saɓani daban, dūka daban. Manzo Bulus ya koya mana cewa ƙauna ba ta murna da mugunta, da gaskiya take murna. Dattawan da suke ƙaunar gidan nan za su fara sama wa matar wurin da za ta tsira, su kira mijin su faɗa masa zunubinsa a fili, su nemi tubansa na gaske kafin a yi zancen komawa. Wannan ce ƙaunar da za ta ceci mutum biyu.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, wane ne Markus naka? Watakila ƙanenka ne da ya ci jarin da ka ba shi, ko ɗiyarki da ta jawo miki kunya, ko wani a majami'arku da ka daina gaisarwa. In halinka irin na Barnaba ne, roƙi Allah ya ba ka hikimar faɗin gaskiya da kafa iyaka. In irin na Bulus ne, roƙi Allah kada ka kulle ƙofar da shi bai kulle ba, ka kuma yi tawali'un da zai sa wata rana ka ce a zo maka da Markus.

Mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, ka san mu ciki da waje, duk da haka ka ba da Ɗanka dominmu. Ka buɗe idanunmu mu ga gaskiya, ka tausasa zukatanmu kada gaskiyar ta sa mu daina ƙauna. Ka ta da waɗanda suka fāɗi, ka warkar da waɗanda aka cuta. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.

Ubangiji ya tsare mu, sai mun sāke saduwa a shiri na gaba.