LACCA A KAN BIYAN TARA TA NA'URA

'Yan'uwa talakawa, a jihohin Amurka da yawa doka ta yarda mutum ya biya tarar kotu ta intanet. Mun yaba, domin kuɗin da ya bi ta na'ura yana barin rasit, akawu ba shi da halin cusa shi aljihu.

Amma na'ura ba ta tambaya ko tarar ta dace. A 2015 Ma'aikatar Shari'ar Amurka ta gano garin Faguson na jihar Misuri ya mai da 'yan sandansa da kotunsa hanyar tatsar talakawa, galibi baƙar fata. Sai majalisar jihar ta kafa doka: kada tarar ƙananan laifuffukan mota ta wuce kashi 20 cikin 100 na kuɗin shigar gari.

To jama'a, abin da muke nema ke nan: rasit a hannunmu, linzami a bakin mai yanka tara.