Hoton Jirgi da Haƙƙin Mai Zane



An ɗora mini nauyin zaɓen hotunan jiragen ruwa da za a sa a ɗan littafin da muke rataya wa wasanmu na dabarun yaƙin teku, wanda ya shafi gwabzawar Jutland ta 1916 tsakanin Ingila da Jamus. Ina so in bayyana muku darasi biyu da aikin ya koya mini.

Na farko, kama da wane ba ta wane. Na sami wani kyakkyawan hoton jirgin Ingila mai suna Warspite, har na ware shi don bangon littafin. Sai wani abokina ya ce in ƙidaya bututun hayaƙinsa. Ɗaya na gani. Ashe ranar Jutland, lokacin da sitiyarinsa ya cije ya yi ta kewaye a gaban bindigogin Jamusawa, bututu biyu gare shi. Bayan yaƙi aka haɗe su, sannan aka sake ƙera jirgin tsakanin 1934 da 1937. Hoton nawa na Yaƙin Duniya na Biyu ne. Da mun buga shi, da mun koya wa mai wasa ƙarya, domin da siffa yake gane jirgi a kan tebur, kamar yadda matuƙa suke gane shi a teku. Saboda haka kowane hoto sai an binciki shekararsa kafin a dubi kyansa.

Na biyu shi ne haƙƙi. Wannan sana'a tana da kaka, wato Fred T. Jane, Baturen da ya fara fitar da kundin jiragen yaƙin duniya a 1898, ya zana jiragen da hannunsa, ya kuma ƙago wasan yaƙin teku irin namu. Ya rasu a 1916. A dokar Ingila haƙƙin mallaka yana ƙarewa shekara 70 bayan rasuwar mai aiki, don haka zanensa ya fita daga ƙangi. Amma Oscar Parkes, wanda ya riƙe kundin daga baya, sai 1958 ya rasu. Ba a ɗaukar nasa da ka. Hotunan da sojan ruwan Amurka suka ɗauka a bakin aiki kuwa na kowa ne.

Wasu za su ce, tun da doka ta saki hoto, me ya sa za a wahala da rubuta suna? Ni dai ina ganin doka daban, amana daban. Sunan mai zane da shekara su ne hujjar da mai karatu zai bi ya kama mu idan mun yi kuskure. Shawarata ita ce a rubuta abu huɗu a ƙarƙashin kowane hoto: sunan jirgi, shekara, mai zane, da inda aka samo shi. Wanda muka kasa cike masa waɗannan, mu haƙura da shi komai kyansa.