GARIN DA KE RIƘE KWALTA
Jawabin da aka yi a taron ƙungiyar gari, Gidigir



Maganarmu ta yau a kan hanya ce, wadda ta taso daga Yamai, ta bi Damagaram, ta ratsa garinmu ta nufi Gure da Difa. Ta kanta gero, kanwa da dabbobinmu suke kai kasuwa, ta kanta ake kai mai naƙuda asibiti. In ta lalace, kuɗin mota ya hau, mu ne da asara.

Abin da muke kira kwalta, ba baƙin man nan kaɗai ba ne. Cikin kilo 100 na abin da ake shimfiɗawa, baƙin man bai wuce kilo 5 ko 6 ba. Saura duk tsakuwa ce da yashi da wani gari mai laushi. To, garin nan nake so ku sani.

Yashin tuddanmu iska ta goge shi, ƙwayarsa ta zama mulmulalla, ba ta kama juna. Ga zafin bazara da kan kai digiri 60 a bisa hanya, sai man ya yi laushi, ƙafar babbar mota ta bar kwari. Da damina kuma ruwa ya shiga tsakanin man da dutse ya raba su, rami ya buɗe.

Maganin da masu aikin hanya suka gano shi ne su zuba garin farin dutse, ko siminti irin na Malbaza, ko farar ƙasa da aka gasa aka kashe da ruwa. Garin yana cike ƙananan kafofi, ya sa man ya yi kauri. Farar ƙasa kilo 1 ko 2 cikin kilo 100 ta isa ta sa man ya liƙe wa dutse ko da ruwa, ta kuma hana shi saurin bushewa da tsagewa.

Amma ba kowane gari ba. Ƙurar laka tana shan ruwa ta kumbura. Kanwa da gishiri kuwa, arzikinmu ne a kasuwa, amma in suka shiga ƙarƙashin kwalta sai su ɗaga ta.

Namu aikin uku ne:

1. In an zo gyaran hanya, shugabannin ƙungiya su tambayi wane gari aka zuba, da inda aka ɗebo ruwa da yashi.
2. Kada a zubar da man dizal ko a ƙona taya bisa kwalta, suna cinye ta.
3. A rage lodi. Gwajin da aka yi a Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna in an ninka nauyin da ke kan ƙafar mota, ɓarnar takan ninku wajen sau 16.

Hanya tamu ce, mu tsare ta. Allah ya ba mu damina mai albarka.