Wasiƙar Imel da Zumuntar Ikilisiyoyinmu



An ba mu dama mu yi magana a kan wasiƙar labarai da tarayyarmu take aikawa ta imel kowane wata. Ikilisiyoyinmu ƙanana ne, suna kuma warwatse. Wata tana bayan gari da iyali biyar, wata kuwa mai bishara ɗaya ne yake riƙe da ita. 'Ya'yanmu da yawa sun tafi Kaduna, Abuja da Legas neman ilimi ko abinci. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, aika saƙo ya yi sauƙi. Amma mu tambayi kanmu, yawan saƙo ya ƙara mana zumunci?

Kiwon garke ta wurin wasiƙa tsohuwar hanya ce. Littattafai 21 cikin 27 na Sabon Alkawari wasiƙu ne. Daga cikinsu muna so mu ɗauki darussa huɗu.

Na farko, mu san waɗanda muke rubuta wa. A Romawa sura 16 Manzo Bulus ya gai da mutane fiye da 20 da sunayensu, a birnin da bai taɓa zuwa ba tukuna. Mu kuwa mukan yi murna da yawan adireshi, ko da ba mu san masu su ba. Adireshi 50 na waɗanda muke ambata cikin addu'a sun fi 500 da aka kwaso daga rajistar taro. Kada a sa sunan kowa sai an tambaye shi. Wanda ya ce a cire shi, a cire shi ba fushi.

Na biyu, mu ba da labari na gaskiya. Bulus ya aiki Tikikus domin Afisawa su san halin da yake ciki, zukatansu kuma su ƙarfafa (Afisawa 6:21-22). Idan wasiƙarmu ba ta zuwa sai lokacin neman gudummawar gini, 'yan'uwa za su daina buɗe ta, ba kuma laifinsu ba ne. A faɗa musu wa ya haihu, wa yake jinya, yaya damina, me aka yi da baikon da suka aiko. Shafi ɗaya ya isa, a Hausa mai sauƙi, ba tare da manyan hotuna masu cinye kuɗin data ba.

Na uku, mu tsare asirin 'yan'uwa. A nan dole mu furta kuskurenmu. Wata rana mun aika roƙon addu'a domin wani sabon mai bi, da cikakken sunansa da na garinsu, adireshin kowa kuma a fili. Saƙon ya bi hannu hannu har ya kai ga danginsa kafin shi ya shirya faɗa musu. Nufinmu alheri ne, amma shi ya sha wahalar. Saboda haka muna roƙon magatakarda su riƙa sa adireshi a gurbin ɓoye, wanda aka rubuta Bcc a kansa. Kada a ambaci sunan sabon mai bi, ko cutar wani, ko wurin taron addu'a inda ake da tsoro, sai da yardar masu abin. Dokar kare bayanan mutane da aka sa wa hannu a Nijeriya a 2023 ta sa addinin mutum cikin bayanan da ake kiyayewa na musamman. Ko babu doka, ƙauna ta wajabta mana haka.

Na huɗu, wasiƙa ta kai mu ga ziyara. Yahaya ya ce yana da abin rubutawa da yawa, amma ya fi so a gana fuska da fuska (3 Yahaya 13-14). Kakanninmu ma sun ce zumunta a ƙafa take. Duk wanda ya amsa wasiƙar, dattijo ɗaya ya ɗauki nauyin mayar masa da amsa cikin mako. Wanda ya yi shiru wata uku, a kira shi, in da hali a je gidansa. Iyayenmu marasa imel kuwa, a buga musu a takarda a karanta ranar Lahadi, kamar yadda aka umarci Kolosiyawa da mutanen Lawudikiya su yi musayar wasiƙu (Kolosiyawa 4:16).

Muna roƙon kowace majalisar dattawa ta zaɓi mutum ɗaya mai riƙon amana domin wannan hidima kafin taronmu na gaba, ta kuma aiko da sunansa ga magatakarda.

Ubangiji ya sa albarka ga maganarsa. Amin.