Koren Ganye a Jikin Kwalba

A kasuwannin Rano da Kibiya, inda manoman Unguwar Gai kan sayi taki da maganin ƙwari, hoton koren ganye a jikin kwalba ko buhu yakan sa mai saye ya ɗauka kayan ba sa cutar da ƙasa, alhali ganyen ado ne kawai. Wannan ita ce yaudarar kore, wato sanya wa haja rigar kare muhalli domin ta samu kasuwa. Abin dubawa shi ne lambar rajistar hukumar NAFDAC da sunan sinadarin da ke ciki, domin sinadarin dichlorvos, wanda wasu ke zuba wa wake don kashe ƙwari, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015.