Ciwon Ƙoda da Abin da Likitoci Suka Gano

Yau zancen ƙoda na kawo muku, da abin da likitoci suka gano game da ciwonta cikin shekara wajen 200 da suka yi suna bincike.

Ga dalilin da ya sa na zaɓi wannan zance. Ina da wani kawu, manomi ne ƙaƙƙarfa, wanda in ya duƙa da safe ba ya ɗagowa sai azahar. Yakan yi ciwon kai da ciwon baya, sai ya sayi ƙwayoyi wajen masu talla ran kasuwa, ya haɗiye biyu ko uku, ya koma gona. Haka ya yi ta yi shekara da shekaru. Ran nan sai aka ga takalminsa ya matse shi, fuskarsa kuma tana kumbura da safe. Waɗansu suka ce ƙiba ce, waɗansu suka ce sammu ne. Sa'ad da muka kai shi babban asibiti, likita ya auna shi, ya ce ya daɗe da hawan jini, ƙodojinsa duka biyu sun riga sun lalace. Muka sayar da shanu biyu da gona guda don a yi masa wankin ƙoda. Bayan wata biyar ya rasu. Likitan ya ce da ni a bakin ƙofa, "Malam, da kun kawo shi tun shekarun baya, da ƙwaya ɗaya ko biyu a rana za mu riƙe shi." Har yau wannan magana tana damuna.

To, bari mu fara da ita ƙodar. Kowa ya taɓa ganin ta akuya a teburin mahauci. Ta mutum ma haka ta ke, mai siffar wake, girmanta kamar dunƙulen hannu. Guda biyu ne, suna can baya ƙarƙashin haƙarƙari, ɗaya dama ɗaya hagu. Aikinsu tace jini, kamar yadda mata su ke tace gasara. Cikin ko wace ƙoda akwai 'yan ƙananan matatai wajen miliyan ɗaya, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. A kwana ɗaya suna tace ruwa lita 180 daga cikin jini, watau garwa goma ke nan. Kusan dukansa su kan mayar wa jiki. Abin da ya ke fita fitsari wajen lita ɗaya da rabi ne, kamar kwalba biyu, shi ne ya ke ɗauke da dattin jiki da gishirin da ya yi yawa. Ban da wannan, ƙoda tana daidaita bugun jini, tana kuma taimakon jiki wajen yin sabon jini.

Mugun halin ciwon ƙoda shi ne ba ya sallama. In haƙori ya lalace, ba wanda zai yi barci a gidan. Amma ƙoda sai ta rasa fiye da rabin ƙarfinta mutum bai ji kome ba, zama matatan da suka rage suna ɗaukar aikin waɗanda suka mutu. Kafin kumburi da amai da kasala su bayyana, ɓarna ta yi nisa. Masu bincike sun ƙiyasta mutum ɗaya cikin goma a duniya yana da wannan ciwo, yawancinsu kuwa ba su sani ba.

Ina aka fara gane shi? A birnin Landan ne na ƙasar Ingila, a asibitin Guy, wurin wani likita mai suna Richard Bright. Ya lura da masu ciwon kumburi da a ke kawowa. Sai ya riƙa zuba fitsarinsu cikin cokali, yana ɗora shi bisa harshen kyandir. Na waɗansu sai ya daskare fari, kamar farin ƙwai in ya ji wuta. In ɗayansu ya mutu aka duba cikinsa, sai a tarar ƙodojin sun lalace. A 1827 ya buga abin da ya gani cikin littafi. Wannan farin abu sunansa albumin. Cikin jini ya kamata ya zauna. In an gan shi a fitsari, to, matata ta huje. Shi ne ya ke sa fitsari yin kumfa mai daɗewa kamar ta sabulu. Yau ba a bukatar cokali da kyandir. 'Yar takarda ce siririya malamin asibiti zai tsoma cikin fitsari, kafin minti biyu launinta ya ba da labari.

Bayan Bright, likitoci suka shiga neman abin da ya ke huda matatar. Manyan ɓarayi biyu suka kama, hawan jini da ciwon sukari. Hawan jini yana tura jini da ƙarfi cikin ƙananan jijiyoyi har su gaji su taurare. Sukari mai yawa kuwa yana cin matatan a hankali. Dukansu biyu suna iya zama a jiki shekaru ba tare da ciwo ba.

Akwai kuma waɗanda mu ke zaune da su a ƙauye. Na farko tsargiya. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsarta a Alƙahira ta ƙasar Masar a 1851. Tana fitowa daga katantanwa a kududdufi da fadama, ta shiga fatar mai wanka ko mai su. Ƙwanta yana ji wa mafitsara rauni, yana toshe hanyar da fitsari ya ke saukowa, har ruwa ya koma ya danne ƙoda. Waɗansu suna cewa fitsarin jini ga yaro alamar balaga ce. Ba haka ba ne, ciwo ne, kuma yana da magani, ƙwaya mai suna praziquantel. Na biyu zazzaɓin cizon sauro. In ya yi tsanani yana tsayar da ƙoda cikin 'yan kwanaki. Haka kuma gudawa da amai in sun ƙafar da ruwan jiki, da zubar jini wajen haihuwa, da saran maciji.

Sa'an nan ga abin da mu ke sha da hannunmu. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac suna rage jinin da ya ke shiga ƙoda. Mai shansu kullum, balle a kan gajiya da ƙishirwa, yana cutar kansa. Kada kuma mu ce tun da saiwa ce ko ganye ba kome. A ƙasar Beljiyam, wajen 1992, mata fiye da 100 suka kamu da ciwon ƙoda bayan sun sha wani haɗin saiwoyi na rage ƙiba. Da aka bincika sai aka tarar an sa wata saiwa mai dafi a cikinsa bisa kuskure. A ƙasar Gambiya kuma, a 2022, yara wajen 70 suka mutu, ƙodarsu ta tsaya, saboda gurɓataccen maganin tari na ruwa. Abin da ba a san mahaɗinsa ba, na kwalba ne ko na ƙwarya, ƙoda ce za ta tace shi.

Manoma, ga taku. A ƙasashen Nikaragwa da Salbado na Amurka ta Tsakiya, an ga samari masu yankan rake suna ta mutuwa da ciwon ƙoda, alhali ba su da sukari ba su da hawan jini. Masu bincike suka bi su gona, suka ga suna aiki cikin tsananin rana, gumi yana zuba, ruwan sha kaɗan. Da aka kafa musu rumfa, aka sa musu lokacin hutu, aka ajiye ruwa kusa da su, sai raunin ƙoda ya ragu. Ranarsu ba ta fi tamu ta bazara zafi ba.

Akwai kuma gado. A 2010 masu bincike a Amurka suka gano alaƙar ciwon ƙoda da wata ƙwayar halitta, suna ce da ita APOL1. Waɗansu ire-irenta suna taimakon jiki yaƙi da ciwon barci, wanda ƙudan tsando ya ke kawowa, saboda haka suka yaɗu a Afirka ta Yamma tun zamanin kakanni. Amma kuma suna ƙara hatsarin ciwon ƙoda. Kun san sikila, yadda a ke gadonta wajen uwa da uba? To, wannan ma haka a ke gadonta. A 2024 aka buga sakamakon wani bincike da aka yi kan mutum fiye da 8,000 a Nijeriya da Gana, ya tabbatar da wannan hatsari a cikinmu. Ba ko wane mai ɗauke da ita ne zai yi ciwo ba. Amma wanda aka taɓa yin ciwon ƙoda a gidansu, lalle ya riga kowa zuwa awo.

Yanzu sai magani. A da, in ƙoda ta tsaya, sai jiran ajali. A lokacin yaƙin Hitila, wani likita a ƙasar Holan, Willem Kolff, ya ƙera inji na tace jini. Kayan aiki sun yi wuya, sai ya naɗa wata leda mai laushi da a ke ɗura nama ciki a jikin gangar katako, jini yana bi ta cikinta, datti yana fita cikin ruwan wanki. Ya fara gwada shi a 1943. Yawancin marasa lafiya na farko ba su tashi ba, amma bai daina ba. A 1945 wata tsohuwa mai shekara 67 ta farfaɗo. Wannan shi ne asalin wankin ƙoda. Yana tsawaita rai, amma ba ya warkar da ƙodar da ta mutu. Bisa ƙa'ida sau uku a ke yinsa a mako, ko wane zama awa huɗu, ga kuɗi, ga tafiya birni.

A 1954, a birnin Bostan na Amurka, aka ciro ƙoda ɗaya daga wani saurayi, Likita Joseph Murray ya dasa wa tagwaininsa. Wanda aka dasa wa ya ƙara shekara 8 a duniya. Wanda ya bayar kuwa ya rayu da ƙoda ɗaya har 2010. A Nijeriya an fara dashen ƙoda a Ikko a 2000, a asibitin koyarwa na Aminu Kano kuma a 2002. Wanda aka yi wa dashe zai sha magani muddin ransa, don kada jikinsa ya ƙi baƙuwar ƙoda.

Amma ni a ganina, binciken da ya fi amfanar talaka shi ne na magungunan da su ke tare ciwon tun yana ƙarami. A 1993 aka nuna wata ƙwayar hawan jini mai suna captopril tana jinkirta lalacewar ƙoda ga masu ciwon sukari. 'Yan'uwanta, irin su lisinopril, suna nan a ɗakunan magani. A 2020 kuma aka gwada wata mai suna dapagliflozin kan mutum fiye da 4,000, aka ga tana kare ƙoda ga masu sukari da marasa shi. Waɗannan duka likita ne ya ke rubuta su bayan awo. Ba na saye a faifan mai talla ba ne. Kuma suna aiki ne in akwai sauran ƙodar da za a kare.

Saboda haka ga abin da na ke roƙonku. Duk wanda ya kai shekara 40, da mai hawan jini ko sukari, da wanda a ke da ciwon a gidansu, ya je ɗakin magani sau ɗaya a shekara, a auna jininsa, a duba fitsarinsa. Wanda aka ba ƙwayar hawan jini kada ya daina don ya ji sauƙi. Uwargida, a rage gishiri da ɗanɗano a miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, watau ƙaramin cokali guda. Mai zuwa gona ya tafi da goran ruwa, ya sha tun ƙishirwa ba ta kama shi ba, ya fake a inuwa in rana ta take. Yaro mai fitsarin jini, da mai ciki da ƙafafunta da fuskarta suka kumbura, a kai su asibiti a ranar.

Kuɗin awon nan bai kai kuɗin kaza ba. Mu kuwa shanu biyu da gona muka sayar. Ran kasuwa mai zuwa, wanda zai bi ta ɗakin magani ya ja maƙwabcinsa su tafi tare.

Mai tambaya ya ɗaga hannu. Allah ya ba mu lafiya.