Taura Biyu Ba Ta Taunuwa

 Maganar da muka zo da ita yau ta shafi kowane ɗayanmu, domin da mai mota da marar mota, duk titi ɗaya muke bi in an ba da hutu. Maganar kuwa ita ce shagalar direba, watau rabuwar hankalinsa tsakanin hanya da wani abu dabam, ko wayar hannu, ko fasinja, ko allon nan mai hoto da ake sakawa a gaban motocin zamani.

Bari mu fara da girman al'amarin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa haɗurran hanya suna cin rayuka kimanin miliyan 1.19 a kowace shekara, kuma babu abin da ya kai su kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. To, jama'a, mu ke nan ake nufi, mu da ƙannenmu. Hukumar ta kuma ce mai tuƙi yana waya ya fi wanda ba ya yi shiga haɗari da kusan ninki huɗu.

Wani zai ce ai duba waya ƙiftawar ido ne. Mu yi lissafi irin na aji. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana shafe kusan mita 28 a kowane sakan. In direba ya sunkuya sakan 5 yana karanta saƙo, ya ci kusan mita 140, watau fiye da tsawon filin ƙwallo, alhali idonsa ba ya kan kwalta. A cikin wannan tazara akwai rami, akwai garken shanu, akwai tirelar da ta lalace aka sa mata ganye, akwai yarinya mai talla da za ta tsallaka. Babu wanda zai yarda a ɗaure wa direbansa ido na sakan 5, amma kullum muna zaune ana yi mana kwatankwacin haka, mu yi shiru.

Masana sun kasa shagala gida uku: ta ido, ta hannu, da ta zuciya. Rubuta saƙo ya haɗa duka ukun, shi ya sa ya fi muni. Amma wadda ta fi yaudara ita ce ta zuciya, don ba a ganinta. A 1997 wasu masu bincike biyu a birnin Toronto na ƙasar Kanada, Redelmeier da Tibshirani, suka ɗauki direbobi 699 da suka yi karo, suka gwada lokacin karon da lokutan kiran da ke rubuce a takardun kamfanin waya. Suka tarar haɗarin ya ninka sau huɗu a lokacin kira, kuma waɗanda ba su riƙe wayar a hannu ba, ba su tsira da komai ba. Ashe maƙala abin sauraro a kunne ba magani ba ne. Hannu yana kan sitiyari, ido yana kan titi, amma hankali yana can kasuwa ana ciniki. A 2006 David Strayer da abokan aikinsa a Jami'ar Utah ta Amurka suka gwada mutane a na'urar koyon tuƙi, suka ga raunin mai waya ya yi kama da na wanda ya sha barasa har iyakar da dokar ƙasarsu ta yanke.

Ga kuma baƙon da ya shigo daga baya, watau allon taɓawa. Da, direba yakan lalubi maɓalli da yatsa ya murɗa ba tare da ya duba ba. Allo kuwa sumul yake, tilas sai an kalle shi. Wani bincike na gidauniyar AAA ta Amurka a 2017 ya nuna cewa shigar da adireshi a taswirar mota yana ɗauke hankalin direba kimanin sakan 40. Abin har ya kai ƙungiyar Euro NCAP, mai auna ingancin motoci a Turai, ta shar'anta cewa daga 2026 motar da ke neman cikakken maki ta kasance da maɓallai na zahiri ga abubuwa kamar hon da sigina da abin share gilashi. In masu ƙera mota suna ja da baya, ina dalilin direban haya da zai kunna fim a gabansa, wai don fasinja su sha kallo?

Sai mu zo kan kanmu, mu fasinja. Har wa yau a Jami'ar Utah, an nuna a 2008 cewa hira da na kusa ta fi hira ta waya sauƙin haɗari, saboda fasinja yana ganin abin da direba ke gani. In an zo kwana sai ya yi shiru, in ya hango wani abu sai ya ce a yi hattara. Wanda ke ƙarshen waya kuwa bai san an zo gada ba. Amma fa wannan sai fasinja mai hankali. In samari suka cika mota ana gardamar ƙwallo, ana miƙa wa direba waya ya ga hoto, ana zuga shi ya wuce ta gaba, to fasinja ya zama musiba. Saboda haka ne jihohi da yawa a Amurka suka ƙayyade yawan matasan da sabon direba zai ɗauka.

A nan gida ba doka ce muka rasa ba. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Wayar salula ta bazu daga 2001, dokar hukumar ta 2007 kuwa ta mai da yin waya ana tuƙi laifi. A 2017 har hukumar ta soma tura masu wannan laifi asibiti a duba lafiyar ƙwaƙwalwarsu. Sai dai jami'i yana tsaye wuri ɗaya ne, hanya kuwa doguwa ce. Direba ya hango shi ya sauke waya, ya wuce ya ɗauka. Wanda ke tare da direba daga tasha har gida shi ne fasinja.

Mene ne ke ɗaure mana baki? Kunya ce, da gudun a ce yaro ya yi wa babba rashin ladabi. Wani kuma ya ce ai sai kwana ya ƙare. Amma Bahaushe ya ce rigakafi ya fi magani, kuma ladabi bai hana faɗin gaskiya ba. Wanda ya zauna gidan gaba ya san ya ɗauki aiki. In waya ta yi ƙara, ya ce, "Malam direba, kawo in amsa maka," ko kuwa, "Baba, don Allah a ɗan tsaya gefe." In mutum ɗaya ya yi magana, saura su mara masa baya, kada a bar shi shi kaɗai. In mun kira wani muka ji ƙugin inji, mu ce sai ya sauka, mu kashe. Masu mota a cikinmu su saita taswira tun kafin su tashi, su sa waya inda hannu ba zai kai ba. Muna kuma roƙon ƙungiyarmu ta ɗalibai ta sa wannan sharaɗi a rubuce duk lokacin da za ta ɗauki hayar mota.

'Yan'uwa, iyayenmu sun sayar da amfanin gona da dabbobi don mu zauna a wannan wuri, suna can suna ƙirga kwanakin dawowarmu. Babu kiran da ya kai darajar wannan jira. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana. Allah ya kai kowa gida lafiya.